Likita, da gaske ne ana tatsar magani a nonon akuya?

Wasiƙun makon nan kusan duk a kan nono suke, tun bayan wani bidiyo da ya riƙa yawo a WhatsApp yana cewa Turawa sun samo akuya mai nonon magani.

Wani mai kiwo daga Ngaundere: Likita, labarin akuyar nan gaskiya ne ko zuƙi ta malle?

Gaskiya ne, Malam, sai dai ba yadda bidiyon ya nuna ba. Akwai wani furotin a jinin mutum mai suna antitirombin, aikinsa hana jini daskarewa a cikin jijiya. Wasu ana haifarsu da ƙarancinsa, sai tiyata ko haihuwa ta zame musu haɗari. Masana a Amurka suka ɗauki ƙwayar gadon mutum da ke ba da umarnin yin wannan furotin, suka haɗa ta da wata da ba ta aiki sai a hantsa, suka saka a ƙwan akuya tun bai zama ɗan tayi ba. Akuyar da aka haifa, in ta girma ta haihu, sai furotin ɗin ya riƙa fitowa a nononta, 'ya'yanta ma su gāda. Sunan maganin ATryn. Turai ta amince da shi a 2006, Amurka a 2009. Akwai kuma Ruconest da wani kamfanin Holan ke yi daga nonon zomo, don masu ciwon kumburin fuska da maƙogwaro na gado. Me ya sa nono? Hantsa gwanar ƙera furotin ce, kuma tatsa ba ta kashe dabba.

Wani ɗan kasuwa daga Garwa: Ana iya samun irin akuyoyin nan a kasuwar dabbobi?

A'a, Alhaji. A killace aka riƙa kiwon su, kowace da lambarta, ba tare da an sayar da nononsu ko namansu ba. Duk wanda ya nuna maka ɗaya, kuɗinka yake so.

Wata baiwar Allah daga Kuseri: Likita, babana yana da ciwon suga, shekara shida yana allurar insulin. Wani mai magani ya kawo masa nono a jarka, ya ce irin na Turawan nan ne gauraye da na raƙumi, a sha ɗanye safe da yamma, a bar allura. Yau kwana huɗu da barinta. Ya rame, kuma ba ya rabuwa da buta.

'Yar'uwa, ajiye wayar nan ki kai Baba asibiti yau, ba gobe ba. In kin dawo kya karanta sauran.

Wannan shi ne abin da nake tsoro tun da na ga bidiyon. An ɗauko gaskiya guda, an lulluɓe ƙarya da ita. Maganin da aka samu a nonon akuyar can ba na sha ba ne. A lokacin da ake yin sa, ana kai nonon masana'anta, a raba shi da mai da sauran furotin, a tace, a sake tacewa, a kawar da ƙwayoyin cuta, har a rage ɗan farin gari a ƙaramar kwalba, shi ma ta jijiya ake ba da shi a asibiti. Ko da za a miƙo miki ƙwarya cike da nonon akuyar can ki shanye, ciki zai narkar da furotin ɗin kamar yadda yake narkar da tsire ko ƙosai. Dalilin da ya sa insulin ma allura ce ke nan. Sannan maganin akuyar bai da haɗi da ciwon suga ko kaɗan. Insulin da Baba ke amfani da ita, tun 1982 ake yin irinta da ƙwayoyin bakteriya da aka sauya wa gado, daga baya aka ƙara da yis.

Na taɓa karɓar wani dattijo da aka kawo a kan babur, ɗansa riƙe da shi ta baya. Numfashinsa da ƙarfi da zurfi, bakinsa na warin ruɓaɓɓen mangwaro, bai san inda yake ba. Mako guda ya yi yana shan abin da ke cikin jarka. Mai jarkar kuwa ya karɓi sefarsa ya ƙara gaba. Wallahi abin yana ba ni takaici, don mutumin nan ba zai taɓa zuwa ya tsaya a bakin gadon ba.

Yawan fitsari da ƙishirwa da ramar da kika ambata alama ce suga ya hau. In amai ya biyo, ko ciwon ciki, ko magagi, to rai ake magana. Ku tafi da kwalbar insulin da katinsa, ki kuma faɗa wa likita gaskiyar kwanakin da ya yi bai yi allura ba, ba wanda zai yi miki faɗa. In kuɗin allurar ne ya gagara, shi ma a faɗa, a nemi dabara tare.

Ɗanyen nonon kansa wata matsalar ce. Yana iya ɗauke da bakkale, ciwon da ke sa shanu da awaki ɓari. A jikin mutum zazzaɓi ne mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi da baya. A yi ta shan maganin maleriya a banza, alhali maganinsa na gaskiya sai an yi mako shida ana sha. Tarin fuka na shanu ma ta nan yake shiga.

Wata uwa daga Marwa: Kindirmo fa? Ai tsami yana kashe cuta.

Kada ki dogara da tsami, Hajiya. A tafasa nonon tukuna, ya huce, sannan a zuba masa irin.

Wata mai jego daga Njamena: Kwana goma da haihuwata, ƙafata ta hagu ta kumbura, tana zafi. Kakata ta ce a gasa ta da ruwan zafi a murza.

Kada a murza! Yana iya zama gudan jini a jijiya, murzawa kuma na iya tura shi huhu. Ki je asibiti yanzu a duba ƙafar. In kin ji ƙirji ya riƙe ko numfashi ya yi miki wuya, ko tsakar dare ne a nemi mota.