Shigar da ta dace da kamun kifi a kwale-kwale lokacin hunturu

Malam, ka tambayi abin da za ka sa in za ka kamun kifi da asuba a Tiga cikin ƙaramin kwale-kwale. Auduga dai bar ta a gida, har wandon jins. Da ta jiƙe sai ta manne wa fata, ruwa kuwa ya fi iska zuƙe ɗumin jiki nesa ba kusa ba. Fara da rigar ƙwallo mai dogon hannu, ɗora suwaitar ulu, sannan rigar ruwan sama ta tare iska; duk akwai su a gwanjon Ƙofar Wambai. Rigar hana nutsewa ce a sama, ka ɗaure ta tam, don in ta yi sako-sako ta ka za ta fice. Don Allah ban da takalmin roba mai dogon wuya, cika yake da ruwa. Busassun kaya kuma ƙulle su a leda biyu.