Dokin da ya dawo daga hawa yana haki

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ingarmanka ya dawo daga hawan sallah jiƙe sharkaf, ka ɗaure shi a turke ka zuba masa gero, ko kallo bai yi ba, da gari ya waye kuma ƙafafun baya sun sage. Allah ya ba shi lafiya. Amma ka yi haƙuri, tun daga turken nan aka kuskure.

Dokin da ya sha jafi a ƙofar fada ba a sauka a ɗaure shi. Sassauta majayi, sauke sirdi, cire linzami ka sa masa ragama, a ja shi cikin inuwa minti 10 zuwa 15 har hakin ya lafa.

Sai maganar ruwa, inda na saba da dattawanmu na barga, Allah ya ƙara musu lafiya. Tun muna yara a Bauchi ake ce mana doki da zafinsa ba a ba shi ruwa, ba a kuma watsa masa na sanyi. Na yi shekaru ina bin wannan, har wata sallar da ta faɗo cikin bazara. Akawalina ya tsaya kai a ƙasa, jijiyoyin wuya sun fito raɗa-raɗa, hanci na buɗewa yana rufewa. Likitan dabbobin da na kira bai ma tsaya gaisuwa ba, bokiti ya sura ya shiga sheƙa masa ruwan randa a wuya, ƙirji da tsakanin cinyoyi. Ni kuwa gabana sai faɗuwa yake. Kafin rabin awa doki ya ɗaga kai yana neman harawa. Likitan ne ya ba ni labarin binciken da aka yi gabanin gasar Olamfik ta Atlanta a Amurka, 1996, wanda ya nuna ruwan sanyi ba ya cutar da doki mai zafi, ceto ne ma.

Doki kan zubar da zufa lita 10 ko fiye a awa guda na aiki mai tsanani, kuma zufarsa gishiri ce sosai, shi ya sa take bushewa fari fat a ƙarƙashin sirdi. Ka miƙa masa ruwa, rabin bokiti, a zaga da shi, a ƙara. Gishiri cokali ɗaya ko biyu cikin jiƙaƙƙiyar dusa da yamma. Harawa za ka fara ba shi. Gero da dawa su jira aƙalla awa 2, ciki mai zafi ba ya son hatsi.

Ka koyi taɓa jijiyar ƙarƙashin muƙamuƙi don ƙirga bugun zuciya. Doki a huce bugunsa 28 zuwa 44 ne a minti. In bayan rabin awa yana sama da 60, akwai magana. Ka kuma tsunkuli fatar wuya ka saki. In ta tsaya a tattare, ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

Washegarin hawa, in lafiya lau yake, ɗan kilisa a hannu ya fi kwana a turke. Naka kuwa da ƙafafu suka sage, kada ka matsa masa tafiya. Shafa naman cinyarsa, in ya yi tauri kamar katako, ka tsaya ka ga fitsarinsa. In ya fito ja-baƙi kamar shayin da ya ji ganye, naman jiki ne ya ji rauni, kuma yana iya taɓa ƙoda. Wannan ba aikin kanwa ba ne, ba kuma na allurar kasuwa ba. Ka ajiye masa ruwa a gaba, ka kira likita yau, kada ka bari sai an gama hawa.