Ɗalibaina sun iya lissafi, amma gaban juri sai baki ya mutu

Tambaya: Malam, ina duba aikin ƙarshen karatu na ɗaliban injiniya a Tahoua. Lissafinsu lafiya lau, amma ranar sutnans, wato ranar kare aikin gaban juri (malamai masu ba da maki), sai su yi ta karanta abin da ke kan allo, da juri ya jefo tambaya su daskare. Saura wata 3. In ƙara masu darasin Faransanci?

Amsa: Malam, kada ka ƙone wata ukun nan a kan nahawu. Zaton cewa iya bayani shi ne iya Faransanci ya daɗe yana cutar ɗalibanmu, daga Tahoua har Yamai. Yaro na daskarewa ne don ba a taɓa sa shi ya faɗi da bakinsa dalilin da ya sa ya zaɓi wannan famfo ya bar wancan ba. Wanda ya san dalili zai faɗe shi ko da gurguwar Faransanci, juri kuma zai gane. Wanda bai sani ba, ko a Paris aka haife shi, kame-kame zai yi. Ga kuma masu shagon kwamfuta da ke sayar da tsohon memuwar (kundin aikin ƙarshen karatu), su canja sunan ƙauye, su cika shafi 40 da launi, yaro ya ɗauka ya gama. Tambaya ɗaya ke tona asirinsa.

Kowane mako 2, kowa ya miƙe minti 5, ba allo ba takarda. A ce aikinsa famfon sola ne: ƙauye na buƙatar mita kubik 20 a rana, ruwan zai hau mita 40. Ya nuna yadda 2,725 × 20 × 40 ya ba da Wh (watt-awa) 2180, inda 2,725, wato 2 ɗigo 725, shi ne Wh ɗin da ake buƙata don ɗaga mita kubik ɗaya na ruwa zuwa tsayin mita ɗaya, sannan ya faɗi me ya sa panonin solar da ya rubuta suka ninka wannan: asarar famfo, zafi, ƙurar hunturu. Daga nan ya maimaita wa mai haɗa bututu, ya kuma maimaita da Hausa kamar gaban kwamitin ruwa na ƙauye, masu tambayar nawa ne kuma wa zai gyara. A nan ake gane wanda ya haddace.

Allon nuni kada ya wuce shafi 12 ga bayanin minti 15, kowane zane da ma'auninsa. A gwada sau ɗaya da na'ura a kashe, tunda wuta kan ɗauke. Kuma ka ba gwajin nan maki, ko da takardar makin da ofis ya ba ka ba ta da gurbinsa, don abin da ba maki ɗalibi ba ya zuwa.