Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Hoton Ƙashi da Na'urorin Gano Radiyeshan

Tambaya: Likita, an tura mahaifiyata hoton ƙashi, sai aka ce za a fara yi mata allura. Ashe ba na'urar ce ke harba haske ba?

Amsa: Wannan ba eksire ba ne. Na'urar, wadda ake kira kyamarar gama, ba ta harba komai, karɓa kawai take yi. Allurar teknishiyam-99m ce, wani sinadari mai fitar da radiyeshan da ake kira gama, wanda kyamarar ke karɓa. Tana rasa rabin ƙarfinta duk awa 6. Ana jira awa 2 zuwa 4 ta zauna a ƙashi. Mama ta yawaita shan ruwa, ta yi fitsari kafin a ɗora ta kan na'urar.

Abin da ya sa ɗan kaɗan na sinadarin ke wadatarwa yana cikin kyamarar. Wani ƙiristal na sodiyam ayodaid yana mayar da kowane ɗigon radiyeshan na gama ƙyalli ɗan mitsitsi. Bayansa akwai bututan gilashi da aka zuƙe iskarsu. Ƙyallin yana fizgo 'yan ilektiron (ƙananan ƙwayoyin lantarki), lantarki kusan bolt 1,000 ya ja su zuwa faranti na farko, kowanne ya tunkuɗo kamar huɗu, su kuma su faɗa kan na gaba. Faranti 10 a jere, ɗaya ya haura miliyan. Sai kwamfuta ta iya karantawa.

Tambaya: An ɗauke wuta, janareta ya tashi, amma duk da haka aka ɗage mana hoton. Ba wulaƙanci ba ne?

Amsa: Gaskiyarsu. Ninkawar ta dogara da ƙarfin lantarki: ya goce kashi 1 cikin ɗari, sakamakon ya goce kusan kashi 7. Bututan na buƙatar awanni su daidaita, sannan a sake gwada su. In ɗaya ya kauce, tabo zai fito a hoto a ɗauka cuta ce.

Tambaya: Ina sana'ar gwangwan, na sayi na'urar Geiger mai gano radiyeshan. Ta isa kariya?

Amsa: Tana taimakawa. Cikinta iskar gas ce da siririyar waya, ilektiron ɗaya ya tayar da ruguntsumi, ka ji ƙas. Amma kusa da abu mai tsananin ƙarfi wasu na toshewa su nuna kaɗan. Ka fara aunawa daga nesa, kana matsowa. Kada ka fasa ƙarfe mai nauyi da ke ɗauke da alamar radiyeshan mai fuka-fukai uku. A Goyaniya ta Brazil, a 1987, fasa tsohuwar na'urar gashin cutar kansa ya kashe mutum huɗu.