Tambaya da Amsa: Leƙa Kunne da Kyamarar Waya da Fitar da Dattinsa a Gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Tudun Wada, Zariya. Maigidana ya sayo wata 'yar na'ura mai kyamara da ƙaramin cokali a bakinta, wadda ake haɗawa da waya a ga cikin kunne. Tun shigowar hunturu kunnena na dama yake ƙaiƙayi, kuma ji ya ragu. Shin zan iya kwashe dattin da ita, har in duba na yarana?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Shawarata ita ce ki ajiye cokalin nan tukuna, domin abin da muke kira dattin kunne jiki ne da kansa yake samar da shi a ɓangaren waje na ramin kunne, kuma aikinsa shi ne ya tare ƙura da ƙwayoyin cuta, ya hana fatar wurin bushewa. Fatar ramin tana tafiya sannu a hankali daga ciki zuwa waje, motsin muƙamuƙi wajen tauna da magana yana taimaka mata, har dattin ya fito bakin kunne. Wanda ya fito kaɗai ya kamata a goge, da tsumma mai ɗan laima bayan wanka.

Ramin kunnen babba bai wuce kimanin santimita 2 da rabi ba, kuma a ƙarshensa dodon kunne yake, wanda fata ce siririya ƙwarai. Tsinken ashana, gashin kaza, murfin biro da audugar nan mai tsinke duk tura dattin ciki suke yi su danne shi, su kuma yayyage fatar, shi ya sa mai yawan ƙwaƙular kunne ya fi kowa fama da ƙaiƙayi. Kyamarar ba ta kawar da wannan haɗari ba. Hoton waya yana ƙara girman abu amma ba ya nuna zurfi, don haka hannu kan yi gaba fiye da yadda ido yake zato, kuma taɓa cikin ramin yakan tayar wa wasu da tari, sai kai ya motsa ƙarfe yana ciki. Ga yara kuwa, waɗanda ba sa zama wuri ɗaya, ban yarda da ita ba sam. Idan leƙawa kawai za a yi, a ja kunnen babba sama da baya a hankali domin ramin ya miƙe, a haska da tocila daga waje.

In dai kunnen ba ya ciwo, ba ya zubar da ruwa ko mugunya, ba a taɓa yi masa tiyata ba, kuma dodon kunnen bai taɓa hujewa ba, kina iya ɗiga man zaitun mai tsabta, ɗigo 2 zuwa 3, sau uku a rana na kwana 3 zuwa 5. Ki kwanta kunnen yana sama na 'yan mintuna, kuma kada a ɗumama man a wuta. Ji yana iya ƙara raguwa a farko saboda dattin ya kumbura.

Idan mako biyu suka wuce babu sauƙi, ko aka ga ciwo, jiri, zazzaɓi ko jini, ki je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, inda ake wanke kunne ko a zuƙe dattin da na'ura. Raguwar ji da ta zo farat ɗaya ba a jira da ita ko kwana guda, haka ma mai ciwon sukari da kunne ya fara yi masa zogi. Kuma idan yaro ya cusa ƙwayar wake ko masara, kada a zuba ruwa, domin kumbura za ta yi. Idan ƙaramin batirin agogo ne, a kai shi asibiti nan take, saboda yana ƙona fata cikin 'yan sa'o'i.