Tambaya da amsa: gyaran wutar jirgin yaƙi, da inda ya kamata kuɗinka su tafi

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar da na yi maganar shekarun da na kwashe ina gyaran wutar jiragen soja kafin in dawo gida Gusau in kama harkar sola, saƙonni ba su bar wayata ta huta ba. Na tsamo huɗu da sunka fi maimaituwa, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

Na farko daga Ƙauran Namoda: "Kawu ina wuni. Shekarata 19, sakamakon WAEC ɗina ya yi kyau, kuma shekara uku ke nan ina bin oga muna wayarin ɗin gidaje da haɗa sola. Burina in zama mai gyaran wutar jirgin yaƙi. In cike fom ɗin sojan sama bana ko in fara yin difloma a poli ta nan garinmu? Kuma wanga aikin hannu da na iya zai yi min amfani can?"

Lafiya lau ɗana. Bari in fara da ta ƙarshen. Zai yi maka amfani, don wanda wuta ta taɓa fizga ya san girmanta, amma rabin abin da hannunka ya saba sai ka zubar da shi a bakin get. Wutar NEPA da kake ja ma mutane bolt 230 ce, tana juyawa sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya. Jirgi galibi DC ce, wato irin wutar batir da ba ta juyawa, mai bolt 28, manya kuma suna da AC mai bolt 115 da ke juyawa sau 400, kuma ba don gayu anka yi hakanan ba, in wuta na juyawa da sauri taransifoma da moto ba sa buƙatar ƙarfe mai yawa, sai su fito ƙanana marasa nauyi, shi ko jirgi kowane kilo lissafi ne. Sannan ka manta da cewa jar waya ce wuta, baƙa kuma dawowa. Mafi yawan wayoyin jirgi farare ne fat, ɗaruruwa a ɗaure wuri guda kamar damin gero, abin da ke raba su lamba ce da anka buga jikin kowace, kai kuma ka bi lambar a kan zanen da ke cikin littafin jirgin. Murɗa waya biyu ka naɗe da baƙin salatif, wagga ɗabi'a in ka yi ta can sunanka sorry. Akwai filaya ta musamman da ake matse kan waya da ita, kowace girman waya da bakin da ya dace da ita, don jijjigar jirgi tana karya wurin da anka liƙa da dalma.

Aikin da kansa kuma ba irin na fim ba ne. Tun kafin asuba kana filin jirgi, a jona keken ba da wuta, ka duba batir, janareta, fitilu, na'urar da ke sanar da gobara a inji, wayoyin famfon mai. Jirgi ya tashi ya dawo, matuƙi ya rubuta abin da ya gani, kai kuma farauta ta fara. Wanda ba na mantawa, fitilar gargaɗin janareta ce ke kamawa a sama, in an sauko ƙasa kuma lafiya lau kamar mai aljanu. Kwana uku muna kwance murafu, daga ƙarshe da tocila da ɗan madubi irin na likitan haƙori na hango inda maɗauri ya goge rigar waya, wurin bai kai ƙwayar dawa ba, sai jirgi ya yi jijjiga take taɓa ƙarfe. Aikin gyaran bai ɗauki awa guda ba. Kuma ko bureka ce ta faɗi ba a ta mayar da ita ana ta danna ta kamar yadda muke yi a gida, sai an gano dalilin faɗuwarta. Bayan duk wannan sai ka sa hannu a takarda cewa kai ka yi, wani na sama da kai ya duba shi ma ya sa, kuma in wani abu ya faru da jirgin nan takardar za a fara ɗaukowa. Ko ka yi aiki sau ɗari littafin na buɗe gabanka, kuma da Turanci yake, saboda haka in Turancin karatunka na rawa ka gyara shi tun yanzu, ya fi maka sabon kayan aiki.

To batun zaɓi. Ɗaukar ƙananan sojan sama da ake kira BMTC ƙofa biyu gare ta. Akwai ta masu sakandare kawai, kiredit biyar har da Turanci da lissafi, shekara 18 zuwa 22. Akwai ta masu sana'a, wato masu difloma ko takardar gwajin sana'a, su ana kai musu har 25. Ka riƙa karanta sanarwar kowace shekara da idonka don sharuɗɗa na iya motsawa. Horon farko a Kaduna ake yin shi, kimanin wata shida, kuma can babu ruwan kowa da waya, gudu ne da fareti da bindiga. In ka shiga da sakandare zalla ba kai ke zaɓen fanni ba, inda rundunar ke da giɓi nan za a cusa ka, kana iya tsintar kanka a sito ko gadin sansani kana kallon jirgi daga nesa. Ni dai ra'ayina, tunda shekarunka 19 kuma poli na bayan gidanku, je ka yi difloma a fannin lantarki, shekara biyu ce, ka fito kana da sauran lokaci. Ko ita ba garanti ba ce amma ta fi kusantar da kai ga jirgi, in kuma ba a ɗauke ka ba takardarka na hannunka. In ko gida babu halin kuɗin makaranta, cike fom bana, kada ka zauna jiran tsammani. Akwai kuma AFIT a Kaduna, makarantar fasaha ta sojan sama da ta faro tun 1977, tana ɗaukar farar hula ta JAMB, sai dai ka sani karatu can ba ya mayar da kai soja. Wanda ke son hafsa kuma hanyarsa NDA ce, makarantar horar da hafsoshi, ko gajeren horon hafsoshi na DSSC bayan digiri, amma hafsa ya fi yawan tsara aiki da kula da mutane, masu kwanciya ƙarƙashin fiffike mu ne.

Na biyu daga wata uwa a Yawuri, ɗanta ya rubuta mata: "Wani mutum ya ce yana da hanya a sama, in na ba shi kuɗi zai sa sunan yarona cikin masu gyaran jirgi, ya ce su ba a kai su daji. Ina shirin sayar da shanuna biyu. Mi ka gani?"

Inna, don girman Allah ki bar shanunki a turke. Fom ɗin sojan sama kyauta ne, a shafin rundunar na intanet ake cikewa, abin da za ki kashe bai wuce na mai kafe da hoto da kuɗin motar zuwa wurin jarrabawa ba, kuma su da kansu duk shekara sai sun yi shelar kada a ba kowa ko sisi. Irin waɗannan mutane dabararsu ɗaya ce, su karɓi na mutum goma, in Allah ya sa yaro ɗaya ya ci da ƙoƙarinsa su ce aikinsu ne, sauran tara a ce musu sai baɗi. Wasu har takardar ɗauka ta bogi suke bugawa, yaro ya isa Kaduna da akwatinsa a kama shi a bakin ƙofa. Maganar ba a kai su daji kuma ya faɗa miki abin da zuciyar uwa ke son ji ne kawai. Mai gyaran jirgi soja ne tukuna, yana gadi, yana riƙe bindiga, kuma inda jirgi ya tafi nan yake bin sa, ko Maiduguri ko Katsina ko nan Gusau da ke da rundunar sojan sama ta 207. Gaskiya ne ba shi ke gaba wurin artabu ba, amma kada ki sa a ranki aikin ofis ne. In rabonsa ne kina iya ganin an turo shi kusa da ke ma, tunda Kainji ba nisa da ku, can anka ajiye jiragen yaƙi na Super Tucano guda 12 da sunka iso a 2021. Abin da za ki yi masa yanzu, ki sa ya duba takardunsa, sunan da ke WAEC da na NIN da takardar haihuwa da ta ƙaramar hukuma duk su zama iri ɗaya harafi da harafi, ranar haihuwa ma haka, don Muhammad a nan Mohammed a can ya mayar da yara da yawa gida. Ya riƙa gudu da safe. In akwai ɗan canji a kai shi asibiti a duba jini da ido.

Na uku ɗalibi ne a poli ta Waziri Umaru, Birnin Kebbi: "Yallaɓai na tara kuɗi zan sayi mitar gwada wuta. Wani na tallar Fluke ta hannu da araha, akwai kuma 'yar rawayar nan ta kasuwa. Wacce zan saya wadda zan tafi da ita aikin soja in an ɗauke ni?"

Babu wadda za ka tafi da ita, ƙanena. Mitarka ta gida ba ta taɓa jirgi. Kowace mita da ke rumfar gyara tana da lamba da 'yar takarda manne a jiki mai nuna ranar da anka daidaita awonta da ranar da zai ƙare, in ranar ta wuce ko sabuwa ce dal ba a aiki da ita. Kayan aiki kuma a allo suke rataye, an zana inuwar kowane a bayansa, da an ɗaga ido an san wanda babu. Ni na taɓa ɓatar da ɗan kan sukundireba, bai kai rabin ɗan yatsa ba, da la'asar cikin hunturu. Aka hana jirgin tashi, aka hana kowa tafiya gida, mutum wajen goma muna rarrafe da tocila har bayan isha'i, don abu kamar wannan in ya faɗa tsakanin wayoyi ko inji ya zuƙe shi magana ta ƙare. Ashe yana cikin naɗin ƙafar wandona. Abin da ogana ya yi min washegari ba zan rubuta shi nan ba.

Saboda haka mitar da za ka saya ta koyo ce da neman na cefane. Fluke ta gaske ba ta da na biyu, amma jabunta sun cika kasuwa, kuma Fluke da araha ya kamata ta sa ka tsaya, in ba ka da wanda ya san ta da zai buɗe maka ya duba, bar ta. 'Yar rawayar kuma ta gwada batirin rediyo ce, da yawansu ramin awon babbar wuta ba shi da fis, ka manta tsinke a can ka soka soket sai dai ka ji tau a hannunka. Nemi ta tsakiya, irin su UNI-T, wadda ke da fis a duka ramukan, mai ƙara in waya ta haɗu, an rubuta CAT III 600V a goshinta, wato matakin kariyarta, in da hali mai True RMS, wato mai auna AC daidai ko da juyawarta ba ta da tsari, tunda za ka riƙa gwada inbata da janareta. Canjin da ya rage ka sayi filayar fere waya mai kyau da ta matse kai, ka samo tarkacen wayoyin tsohuwar mota wurin 'yan gwangwan ka riƙa bin su da zane ɗaya bayan ɗaya, wutar mota DC ce kuma jikin motar ne hanyar dawowa, ta fi wayarin gida kama da ta jirgi nesa ba kusa ba.

Na ƙarshe daga Zuru: "Baba ni mace ce, ana ɗaukar mu a wanga fanni? Kuma in mutum ya bar soja kamfanonin jirage za su ɗauke shi?"

Ɗiyata, 'yar Zuru ce ke tambayar ko ana shiga soja? Ana ɗauka. Tun 2019 Kafayat Sanni ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi a ƙasar nan, balle gyara, kuma siririn hannu riba ne a wurin da ƙato ke kasa zura yatsa. Tsawon da ake nema mita 1.63 ne ga mata, 1.66 ga maza, ki auna kanki ba takalmi. Ki kuma gwada idonki a kan bambance launi, ja da kore musamman, akwai masu wagga matsala da ba su san suna da ita ba sai ranar gwaji, ita kuma tabarau ba ya gyara ta.

Batun bayan aiki, nan ne da yawanmu munka yi sakaci. Shekara ashirin kana gyaran jirgin soja ba ta ba ka ikon sa hannu a jirgin fasinja, sai da lasisin NCAA, hukumar da ke kula da jiragen farar hula, jarrabawa ake zaunawa, kuma za su so ganin shaidar ayyukan da ka yi a rubuce. Kwalejin koyon harkar jiragen sama ta NCAT da ke Zariya, wadda anka kafa 1964 shekara ɗaya da rundunar sojan sama kanta, tana koyar da kwasa-kwasan da ke kai mutum ga lasisin. Saboda haka daga ranar da kika fara taɓa jirgi ki buɗe littafinki na kanki, kwanan wata, irin jirgin, aikin da kika yi, sa hannun wanda ya duba, banda abin da ya shafi sirrin aiki. Ni sai da na kusa fita na farga, na bi tsofaffin ogannina neman sa hannu, wani ya yi ritaya wani ya rasu wani lambarsa ba ta shiga. Shi ya sa yau in kin zo Tudun Wada za ki same ni kan kwanon wani ina ɗaura farantin sola, kodayake har yanzu duk wayar da na ja sai na manna mata lamba, yarana na shago suna ta yi min dariya.