A karɓe jan bik kafin a fara bita

Ƴata, tambayarki ta iso ni. Kin ce a bitar rubutun da kika jagoranta kin haɗa ƴan kwaleji da malamansu a aji ɗaya, yaran suka yi gum, malaman suka cinye zaman da bayani da gyaran kuskure, har aka tashi babu labarin da ya kai ƙarshe. Kina tambaya ko nan gaba ki raba su, kowa da ranarsa.

Kada ki raba su gaba ɗaya. Abin da za ki canza shi ne aikin da malamin yake yi a cikin ɗakin. Muddin ya shigo a matsayin mai duba aikin wasu, yaro ba zai buɗe baki ba, kuma ba laifinsa ba ne. Tarbiyyar da muka ba shi ke nan, babba na magana ƙarami na sunkuyar da kai. Shi ma mushen, wato malamin, ba mugunta ce ta sa shi ba, shekara da shekaru an horar da shi ya hango kuskure ya ja masa layi, hannunsa ya riga ya saba. Don haka sharaɗinki na farko, wanda za ki faɗa tun a takardar gayyata: duk wanda ya shigo zai rubuta, kuma za a karanta abin da ya rubuta a gaban kowa. Har darakta, har ke kanki.

Safiyar farko ki ba malamai su kaɗai. Kada ki yi musu lacca. Ki ce kowa ya buɗe kaye, wato littafin rubutu, ya rubuta ranar da aka fara kai shi lakwal, makarantar boko ke nan, da Hausa, cikin minti 15. Za ki ga dattijon da ke cika tabulo, wato allo, da Faransanci ba gargada yana jujjuya bik, biro ke nan, domin da yawansu ba su taɓa cika shafi guda da harshen da suka sha a nono ba. Idan lokaci ya cika kowa ya miƙe ya karanta. Muryar wasu za ta yi rawa. A nan ne za ki ce musu, cikin ladabi, wannan faɗuwar gaban ita yaransu ke ji kullum. Daga nan ki roƙi a tara jajayen bik a ba ki ajiya har ranar rufewa. Za su yi dariya, amma za su bayar, kuma za su gane nufinki.

Wani daga cikinsu zai tambaye ki, me ya sa za a tara manya a koya musu shirya ƙarya. Kada ranki ya ɓaci, tambayar ta girme mu duka. A 1933, lokacin da Rupert East na hukumar fassara ta Zariya ya zagaya yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, abin da ya fara cin karo da shi ke nan: masu ilimi suna ganin ƙago labari aikin mata da yara ne da dare. Duk da haka daga gasar da ya shirya a lokacin aka samu littattafai biyar da har gobe ake karantawa. Amsar da nake bayarwa ita ce, maƙaryaci yana so a yarda abin ya faru, mai ƙagaggen labari kuwa tun daga bangon littafi ya shaida maka shi ya tsara, don ka ga halin mutane a fili.

Idan kin haɗa su da yaran, ki cire sunaye daga takardu. Kowa ya rubuta, a naɗe, a zuba a kwando, a cakuɗa, kowa ya ɗauki ta wani ya karanta. Nan ne zaman yake juyawa. Sau da yawa takardar da malamai suka fi yabo sai a tarar ta yarinyar da ke maƙale a bencin baya ce, wadda tun safe ba a ji muryarta ba. Malamin da ya yabi rubutu kafin ya san mai shi ba ya iya janye yabon, kuma daga ranar kallon da yake yi wa ajinsa ya canza. Wannan shi ne ribar haɗa su, shi ya sa na ce kada ki raba.

Sai yadda ake magana a kan rubutun. In kin bari, abu biyu za ki ji: "ma sha Allah, ya yi kyau", ko kuma jerin kura-kurai. Babu wanda ke taimakon marubuci a cikinsu. Ki rubuta tambayoyi uku a tabulo, kada a fita daga cikinsu. Wane wuri ne ya zauna maka a rai? A ina ka ɓace? Me kake so a ƙara gaya maka? Mai rubutun ya yi shiru har a gama, kada ya kare kansa, domin ranar da labarinsa zai shiga hannun baƙo ba zai kasance a wurin ya yi bayani ba.

Yanzu abin da za su rubuta. Yaranmu sun taso da redaksiyo ta jarrabawa, wato insha'i mai gabatarwa, gundarin magana, kammalawa, kuma sun koyi cewa abin da ya cancanci takarda yana can nesa, a birnin da ba su taɓa gani ba. In kin ce su rubuta abin da suka ga dama, za ki samu attajiri da jirgin sama da gidan bene goma. Ki maido su gida. Ki aike su babbar kasuwa su tsaya kusa da mai sayen jar akuya da mai sayarwa, su dawo da layi goma na zance tsantsa, daga tayin farko har a kai ga "albarka" ko "na sallama". Wanda ya saurari ciniki da kunnen basira ya koyi yadda mutum ke faɗin abu yana nufin wani, kuma rabin aikin rubuta zance ke nan. Ki aike su wurin kakanni su tambayi labarin ambaliyar 1945, wadda ta ci tsohon gari a bakin gulbi har aka hauro da Maraɗi kan tudu. Waɗanda suka gani da ido sun yi ƙaranci, amma ƴaƴansu sun ji daga bakinsu. Kada su tsaya ga "an yi asara". Me aka fara ɗauka da ruwa ya shigo? Wa aka goya? Wa ya ƙi tashi? Ɗan kabu-kabu da ke jiran fasinja a tasha, mai ƙuli-ƙuli, ɗan da ke bin motar kaya ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, kowannensu yana ɗauke da labarin da babu wanda ya rubuta.

Tatsuniya ƙofa ce mai kyau, tunda kowa ya san "ga ta nan ga ta nanku". Amma kada ki bar su su tsaya a bakinta. Ki ce su sake ba da labarin Gizo daga bakin Ƙoƙi, me take ji da mijinta ya sake dawowa da wata dabara. Da zarar yaro ya shiga zuciyar wani, ya fara rubutun zube.

Batun ƙa'idar rubutu ki ajiye shi sai ranar ƙarshe. Za ki ga "tchiki" a maimakon ciki, "douniya" a maimakon duniya, ba ƙugiya a kan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Hannun Faransanci ne, awa biyu sun isa a nuna musu hanya, saura sabo. In kin fara da shi kin maido jan bik ta taga. Haka kuma kada ki goge Hausarmu ta nan. Idan tsohuwa a labari ta ce "shina tahe" ko "hwara ce", a bar mata bakinta. Daidaitacciyar Hausa ta mai ba da labari ce, mutanen cikinsa kuwa kowa ya yi magana yadda yake yi a gidansu.

Ina ɗaukar wannan aikin da nauyi saboda dalili. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda ake fara karatu da Hausa, kuma a 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasarmu Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma yaron da ya iya haɗa baƙi yana bukatar abin karantawa wanda zai ga unguwarsu a ciki, kuma waɗanda za su rubuta shi su ne ke zaune a gabanki.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna rusa bita. Kada ku wuce mutum 20. A fara da sanyin safiya a tashi kafin azahar, musamman da bazara. In hutun damina ne ki tuna akwai masu zuwa gona. Ƴan mata ki je da ƙafarki ki gaida iyayensu, ki faɗi wuri da lokacin tashi. Maganar kuɗin zama kuma ki faɗe ta tun farko, akwai ko babu, kada ta zama gunaguni a tsakiyar aiki.

Kada a watse hannu sake. Ki tara labaran da aka gama, na malamai da na yara a gauraye, a buga, a yi hotokofi, a ɗinke, kowa ya tafi gida da nasa, a karanta wasu a gaban iyaye ranar rufewa. Matan da hannunsu ya faɗa ki nuna musu gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata marubuta. Kafin a tashi ki sa kowane malami ya faɗi ranar mako da zai ware rabin awa a ajinsa don a rubuta a karanta ba tare da maki ba, ki rubuta ranakun, bayan wata ɗaya ki bi su. In kin samu sarari ki kawo mini takardun wancan zaman da ba a gama ba, mu duba wanda za a fara kira ya ƙarasa nasa.